Musun Ƙarshen Shekara a Amurka: Gwanin Fim da Zakaran Ƙwallon Jami'o'i

Daga farkon watan Disamba zuwa tsakiyar Janairu, masoya nishaɗi a Amurka sukan duƙufa kan musu iri biyu waɗanda a ido ba su da dangantaka, wato wane fim ne ya ciri tuta a shekarar, da kuma wace jami'a ce ta cancanci a kira ta zakara a ƙwallon ƙafa irin na ƙasar. Sau da yawa mutum ɗaya ne yake tafka musun biyun, kuma abin da ya haɗa su shi ne, a kowane ɓangare wasu 'yan tsiraru ne ke zama su yanke hukunci a madadin miliyoyin masu kallo, waɗanda kowannensu ke ganin idonsa ya fi na alƙalan kaifi.

Wasan da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa ba tamaular da aka sani a ƙasar Hausa ba ce, ya fi kusa da zari-ruga, domin ƙwallon mai siffar ƙwai ce, kuma galibi da hannu ake gudu da ita ko a jefa ta. Kowane ɓangare yana da mutum 11 a fili, ana ba masu kai hari damar yunƙuri huɗu su ci gaba da yadi 10, wanda kuma ya kai ƙwallon ƙarshen filin abokan karawa ya samu maki 6. A jami'o'i wasan ya girma, tun daga karawar Rutgers da Princeton ranar 6 ga Nuwamban 1869, kuma har yau akwai jihohi irin su Alabama da Nebraska inda ƙungiyar jami'a ta fi kowace ƙungiyar ƙwararru daraja a zukatan jama'a. Filin Jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum 107,601, duk da cewa waɗanda ake zuwa kallo ɗalibai ne.

Tushen musun yana cikin tsarin gasar. Mai bin Firimiyar Ingila ya saba da ƙungiyoyi 20 da kowace ke karawa da 'yar uwarta sau biyu, saboda haka teburi ne ke raba gardama. A babban rukunin jami'o'in Amurka kuwa ƙungiyoyi sun haura 130, kowace tana buga kimanin wasa 12 a kaka, wanda ke nufin mafi yawansu ba za su taɓa haɗuwa ba. Shi ya sa tun 1936 kamfanin dillancin labarai na AP yake tattara ƙuri'un 'yan jarida domin jera ƙungiyoyi bisa cancanta, masu horarwa su ma suka kafa tasu ƙuri'ar daga baya, har ta kai wasu shekarun an wayi gari da zakaru biyu, kamar Michigan da Nebraska a 1997. Kaka kan ƙare ne da wasannin gayyata irin su Rose Bowl na birnin Pasadena, wanda aka fara a 1902, sunansa kuma ya samo asali daga siffar filin mai kama da akushi.

A 2014 aka shigo da gasar sili-ɗaya-ƙwale ta ƙungiyoyi huɗu, amma kwamitin mutum 13 ne ke zaɓen su, sai musun ya sauya ɗaki kawai. Abin da ya faru a Disambar 2023 ya isa misali. Jami'ar Jihar Florida ta ci duk wasanninta 13, amma a watan Nuwamba Jordan Travis, ɗan wasan da ke karɓar ƙwallo a farkon kowane yunƙuri ya tsara harin ƙungiyar, ya karye a ƙafa. Kwamitin ya ga cewa ba tare da shi ba ƙungiyar ta rage ƙarfi, sai ya tsallake ta ya ɗauki Alabama, wadda Texas ta riga ta bi ta har gida ta doke ta. Magoya baya suka rabu gida biyu, masu cewa a duba abin da ƙungiya ta yi, da masu cewa a duba abin da za ta iya yi gobe. Hujjar ɓangare na farko ta fi nauyi, domin idan cin kowane wasa bai wadatar ba, to da wuya a faɗa wa ɗan wasa abin da ake bukata daga gare shi. Da Georgia ta lallasa Jihar Florida da ci 63 da 3 a wasan gayyata bayan makonni kaɗan, masu goyon bayan kwamitin suka ce magana ta ƙare, ɗaya ɓangaren kuma ya tuna musu cewa manyan 'yan wasan ƙungiyar da dama sun ƙi buga wasan. A kakar 2024 aka faɗaɗa gasar zuwa ƙungiyoyi 12.

A fagen fim babu ma filin da za a gwada ƙwanji. Kyautar Oscar, wadda aka fara bayarwa a 1929, 'yan ƙungiyar masu sana'ar fim ne ke zaɓen ta, kuma sharaɗi ne a nuna fim a silima kafin ƙarshen Disamba, dalilin da ya sa kamfanoni kan ajiye finafinan da suke sa wa rai sai watannin ƙarshe, lokacin da ba za su gushe daga zukatan masu ƙuri'a ba. A nan ma ƙorafin jama'a ya taɓa sauya ƙa'ida: bayan da The Dark Knight na 2008, wanda ya tara sama da dala biliyan ɗaya, ya kasa shiga sahun finafinai biyar da ke takarar gwarzon fim, sai aka ƙara guraben zuwa goma a 2009. Tare da haka aka koma ga ƙuri'ar jerantawa, inda mai zaɓe ke lissafa finafinan daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, ana cire wanda ya zo kurar baya a raba ƙuri'unsa ga zaɓi na gaba, har sai wani ya haura rabi. Wannan hanya takan fifita fim ɗin da kowa ya yarda da shi daidai gwargwado a kan wanda wasu suka haukace a kansa wasu kuma suka tsane shi, alhali irin wannan na biyun ne masoyin fim ya fi so ya kare.

Inda musun biyu suka raba hanya shi ne abin da lokaci ke iya gyarawa. Fim ba ya tsufa a ajiye, don haka Citizen Kane, wanda How Green Was My Valley ya kayar a bikin 1942, ya dawo ya riƙe matsayi na ɗaya a ƙuri'ar masharhanta ta mujallar Sight and Sound daga 1962 har zuwa 2002. Ƙungiyar jami'a kuwa da zarar kaka ta wuce ta watse, wasu sun gama karatu, wasu sun tafi gasar ƙwararru, ba kuma za a sake tara su a buga wasan da kwamiti ya hana ba. Saboda haka ne magoya baya kan yanke nasu hukuncin da kansu. A kakar 2017 Jami'ar Tsakiyar Florida ta ci wasanninta 13 ba tare da an gayyace ta gasar huɗun ba, ta kuma rufe kakar da doke Auburn, wadda a shekarar ta doke Alabama da Georgia, ƙungiyoyi biyun da suka buga wasan ƙarshe. Hukumar wasannin jami'ar ta ayyana ƙungiyarta zakaran ƙasa, aka yi mata jerin gwano a dandalin shaƙatawa na Disney World, aka kuma rubuta kambun a jikin filin wasanta da ke Orlando.