Idon 35 Ko Na 50? Tsohuwar Gardamar Masu Hoto

Duk ɗalibin da ya taɓa riƙe kyamarar sashe don aikin firojet ya saba da babban idon nan da ake murɗawa ya jawo abu kusa ko ya tura shi nesa. To akwai wata irin kyamara da ba ruwanta da wannan. Idonta ɗaya ne tak, nisan ganinsa ba ya canjawa, in kana son abu ya matso sai ka taka da ƙafarka. Turawa suna ce mata renjifainda, wato mai awon nisa, kuma da ita aka ɗauki da yawa daga cikin hotunan da malamanmu ke nuna mana a aji.

Ga yadda take aiki. A goshinta akwai 'yan tagogi biyu da ɗan rata a tsakaninsu, kamar idanun mutum. Idan ka leƙa, za ka ga wani ɗan fili mai haske a tsakiya, inda abin da kake dubawa ya rabu biyu. Sai ka murɗa zoben ido har siffofin biyu su hau kan juna su zama ɗaya. Shi ke nan, saiti ya yi. Kamfanin Leica na Jamus ya haɗa wannan dabara a jikin kyamararsa a 1932, sannan a 1954 ya fito da M3, wadda har gobe ake kwatance da ita.

Abin lura shi ne, ba ta cikin idon kyamarar kake gani ba, ta tagar gefe ce. Wannan ya sa babu madubi mai tashi da faɗuwa a cikinta, don haka ba ta da ƙara, idanunta kuma ƙanana ne. Amma shi ne kuma ya taƙaita ta. Ba ta iya saita abin da ya fi kusan santimita 70 kusa, wasu ma sai mita guda, kuma dogon ido ba ya wuce milimita 135, don bayan nan awon ba ya zama daidai. Saboda haka gardamar ma'abotanta kusan duk a kan lamba biyu take: 35 da 50.

Lambar tana nuna faɗin abin da ido ke kwasowa: ƙaramar lamba, fili mai faɗi. Fim ɗin waɗannan kyamarori milimita 24 ne a 36, daga kusurwa zuwa kusurwa kusan 43, shi ya sa ake ɗaukar 50 a matsayin wanda ya fi kusa da ganin ɗan Adam. Henri Cartier-Bresson na Faransa, ɗaya daga waɗanda suka kafa ƙungiyar Magnum a 1947, kusan duk rayuwarsa da 50 ya yi aiki. Shi 50 ba ya ƙara wa fuska komai, ba ya rage mata. Ka tsaya taku uku ko huɗu daga dattijo a ƙofar gida, ka samu fuskarsa da rawaninsa da ɗan bangon da ya jingina, ba tare da ka shige masa ba.

Masu 35 kuwa cewa suke hoto ba fuska kaɗai ba ne, har da wurin da fuskar take. Ɗauki misalin ɗalibin da ya koma gida Gwangwan hutu yana son ya adana yadda ake sussukar dawa, ko cinikin hatsi a kasuwar Rogo, ko masunta a bakin madatsar Challawa ta ƙasar Ƙaraye. Da 50 zai samu mai awo da kwanonsa. Da 35 zai samu mai awo, da mai saye, da buhunan da ke bayansu, da yaron da ya tsaya kallo. Sai dai fa dole ya matso, kuma a wajenmu matsowa ba ƙaramin abu ba ne. Ba ka kutsa kai cikin mutane da kyamara ba tare da sallama da neman izini ba, balle inda mata suke. A ganina wannan ne ainihin bambancin idanun biyu: 50 yana barinka a gefe, 35 yana tilasta maka gaisuwa.

Akwai wata fa'idar 35 da 'yan jarida ke so. Ka sa buɗewarsa a f/8, ka ajiye saiti a mita 5, to komai daga kusan mita biyu da rabi har ƙarshen gani zai fito tangaran. Ranar hawan Sallah, dawakai na tahowa, wa ke da lokacin murɗa zobe? Dannawa kawai za ka yi.

Ita wannan lamba ta f, girman ƙofar haske take nunawa, kuma a juye take: f/2 ya ninka f/2.8 haske, f/1.4 ya ninka f/2. A nan kuɗi ke shigowa. Summicron 50 na Leica, mai f/2, tun 1953 ake yabonsa. Noctilux mai f/0.95 da ya fito a 2008 kuwa, kuɗinsa dubban daloli ne, mu dai sai a intanet. Kuma kai da ke ƙasar da rana ke dukan ƙeya, mai zai kai ka? Da tsakar rana f/11 ko f/16 za ka yi ta amfani da shi. Babbar ƙofa sai a cikin zaure ko bayan magariba.

Talaka ma yana da nasa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Tarayyar Sobiyet ta kwaikwayi idon Sonnar na kamfanin Zeiss ta sa masa suna Jupiter-8, 50 mai f/2, aka yi ta sayar da shi a jikin kyamarorin Zorki da Kiev. Japan ta bi wata hanya, ta manne ido a jikin kyamara ba a cirewa. Yashica Electro 35 ta 1966 tana da 45 mai f/1.7, Canonet QL17 ta 1972 tana da 40 mai f/1.7. Kun ga sun raba gardama, sun tsaya tsakiya.

In ka ci karo da irin waɗannan a akwatin kaka ko a shagon tsohon mai hoto, kada ka yi saurin cewa tarkace ne. Haska tocilan waya ta cikin gilashin. 'Yar ƙura ba matsala ba ce. Amma in ka ga zare-zare kamar saƙar gizo, hunhuna ce ta laimar damina, kuma tana cin fuskar gilashi. Kada ka goge da bakin riga, musamman lokacin hunturu, don ƙurar nan yashi ce, karce shi za ta yi. Hure ta tukuna da ɗan famfon roba.

Idanun da ake cirewa suna hawa kyamarorin zamani marasa madubi, irin na Sony da Fujifilm, da ɗan zoben haɗi mai araha. Sai dai ka duba girman farantin ɗaukar hoton. In ƙarami ne, ninka lambar sau ɗaya da rabi: 35 ɗinka zai koma kamar 50, shi kuma 50 ya koma kamar 75, wanda ya dace da hoton fuska amma ya yi matsi a cikin ɗakin hostel.