Kafanchan: Garin Mahaɗar Jirgin Ƙasa A Lokutan Yaƙi

Garin Kafanchan, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jama'a da ke kudancin Jihar Kaduna, yana daga cikin garuruwan da layin dogo ya raya. Yankin ƙasar al'ummar Fantswam ce tun asali, kuma daga sunansu ne aka samo sunan garin. Haɓakarsa ta soma ne a 1927, lokacin da layin da ya taso daga Fatakwal, ya ratsa Inugu da Makurɗi, ya haɗe da na Kaduna. A wannan shekarar ce kuma aka buɗe reshen da ya nufi Jos. Daga Kafanchan zuwa Kaduna kilomita 179 ne ta jirgi, zuwa Jos kuwa kilomita 101. Nan da nan ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga sassa daban-daban na ƙasar nan suka cika wurin, har fadar Sarkin Jama'a ta dawo garin a 1933.

Amfanin wannan mahaɗa ya fito fili sosai a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawa ke kira Yaƙin Hitila. A farkon 1942 sojojin Japan suka ƙwace ƙasar Malaya, inda Ingila ke samun wani kaso na kuzar da take buƙata domin masana'antunta na kayan yaƙi. Sai hankalin Turawan mulkin mallaka ya koma kan ma'adinan Jos da Bukur. Akwai wani ƙaramin layi da ya haɗa Zariya da Jos tun 1914, amma ɗan siriri ne, taragunsa ba sa ɗaukar kaya mai yawa, don haka nauyin ya faɗo kan Kafanchan. Kwal daga Inugu yana haurowa ta nan, kuza kuma tana gangarowa ta nan zuwa tashar jiragen ruwa ta Fatakwal. A 1943 kuzar da aka haƙo a Nijeriya ta haura tan 17,000.

Sai dai wannan adadi bai samu a banza ba. Daga 1942 zuwa 1944 gwamnati ta kafa dokar aikin tilas, abin da jama'a suka laƙaba wa suna “ɗiban gwamna”. Ana yanka wa kowace En'e yawan mutanen da za ta kawo, hakimai da dagatai su tattaro su, a kai su filin kuza su yi watanni. Dubun-dubatar manoma daga lardunan Arewa aka ɗiba ta wannan hanya, kuma waɗanda suka fito daga Lardin Binuwai ta Kafanchan jirgi ke bi da su. Mutanen da suka saba da zafin bakin kogi suka tarar da sanyin Filato ba tare da isassun tufafi ko abinci ba, da yawa suka kamu da ciwo, wasu suka rasu, wasu suka gudu. A ganinmu, duk wanda zai ba da tarihin gudummawar Nijeriya a wancan yaƙi bai kyauta ba idan ya ambaci sojojin da suka tafi Bama ya manta da waɗannan bayin Allah.

Yaƙin ya kuma jawo tsadar kaya, albashi kuwa bai motsa yadda ya kamata ba. Wannan ne ya haifar da yajin aikin gama-gari na watan Yunin 1945, wanda ma'aikatan reluwe ƙarƙashin Michael Imoudu suka kasance a sahun gaba.

Jarrabawa ta biyu ta fi tsanani, domin a cikin gida ta auku. Kashe-kashen da aka yi a garuruwan Arewa a 1966 sun sa 'yan ƙabilar Ibo sun koma Gabas, kuma kasancewar layin Inugu ta Kafanchan ya bi, ta tashar garin ne jiragen da ke ɗauke da masu gudun suka riƙa wucewa. Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1955, ta rasa ɗimbin direbobi da kanikawa da akawuna cikin ɗan ƙanƙanen lokaci, kuma kawunan jirgi da taragu masu yawa suka maƙale a Gabas.

Da Yaƙin Basasa ya ɓarke ranar 6 ga Yuli, 1967, zirga-zirga zuwa Fatakwal ta tsaya cik. Layin ya koma hanyar kai sojoji da makamai da abinci daga Kaduna zuwa Makurɗi, inda Runduna ta Ɗaya ƙarƙashin Kanar Muhammadu Shuwa ta ja daga, ita ce kuma ta kama Inugu ranar 4 ga Oktoba na wannan shekara. Kuzar Jos da gyaɗar da ke zuwa ta layin Barno, wanda aka kammala zuwa Maiduguri a 1964, dole suka juya daga Kafanchan zuwa Kaduna, su bi ta Minna da Jebba har Legas, tafiya mai nisa a kan layi guda da ya riga ya cunkushe. Kwal ɗin Inugu ma ya yanke, abin da ya sa aka buɗe mahaƙar Okaba a 1968, aka kuma ƙara dogara da kawunan jirgi masu amfani da man dizal.

An kawo ƙarshen yaƙin ranar 15 ga Janairu, 1970. Bayan gyaran gadoji da layin da aka lalata, jirage suka ci gaba da tafiya Gabas, kuma iyalai da dama da suka bar garin suka dawo bakin aiki da kasuwancinsu. Amma reluwe ba ta sake komawa yadda take ba, saboda a shekarun yaƙin 'yan kasuwa sun saba da ɗora kayansu a manyan motoci, sannan kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya tafi ne wajen shimfiɗa titunan mota. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 bai bi ta Kafanchan ba.