MUN KALLI "ƘASARMU CE": ABIN YABO DA ABIN GYARA

A hutun makaranta da ya wuce, wani abokin aikinmu ya samo mana kwafin wani tsohon fim ɗin Hausa mai suna "Ƙasarmu Ce". Bayan sallar isha'i muka taru mu malamai da wasu dattawan zango, muka shimfiɗa tabarmi muka kalla. Da aka gama ba wanda ya yi saurin tashi, don kuwa gardama ta kaure. Wasu suka ce fim ɗin ya cika sanyi, wasu kuma suka ce ai labarin garinmu ne aka ɗauka aka kai Nijeriya. Wannan gardama ce ta sa muka ga ya kamata mu kawo wa masu karatu bayaninsa, da inda ya yi kyau, da kuma inda muke ganin ya gaza.

Fim ɗin ya fito ne a shekarar 1991, kuma wanda ya ba da umarninsa shi ne Saddik Balewa, ɗan marigayi Sir Abubakar Tafawa Balewa, Firayim Ministan Nijeriya na farko, wanda aka kashe a juyin mulkin watan Janairu na 1966. Masu karatu za su tuna cewa mahaifin nasa ne ya rubuta littafin "Shaihu Umar", wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976. Ke nan ba da labari gadon gida ne. Saddik ya yi karatun fim a Ingila, ya dawo ya ɗauki wannan aiki cikin harshen Hausa, a karkarar arewacin Nijeriya, da ɗan jarin da bai taka kara ya karya ba.

Labarin a taƙaice shi ne, wani attajiri ya sami labarin cewa akwai duwatsu masu daraja kwance a ƙarƙashin gonakin wani ƙauye, alhali su manoman ba su sani ba. Sai ya shiga dabarar mallake filayen ta kowace hanya. Wani dattijo ya tsaya kai da fata ya ƙi yarda, aka kashe shi. Daga nan nauyi ya koma kan jikansa, wanda ya tashi neman hakkin jinin kakansa da kuma ceto ƙasar mutanensa. Wato dai fim ne na ta'asa da bin sawun mai laifi, amma ba a birni ba, a cikin gonaki da bukkoki.

Abin yabo na farko shi ne sunan kansa. A Hausa, kalmar "ƙasa" tana nufin turɓayar da muke nomawa, tana kuma nufin ƙasar haihuwa mai tuta da gwamnati. Duk ma'anar da mutum ya ɗauka, sunan ya zauna daram. Manomi yana cewa gonar tasa ce, ɗan ƙasa kuma yana tambayar wa ke cin arzikin da Allah ya binne mata.

Na biyu, rashin kuɗi bai zama cikas ba, ya ma zama alheri. Da yake ba su da halin gina gidajen ƙarya ko hayar manyan motoci, sai suka yi amfani da abin da ke gabansu: katangar laka, rumbu, hanyar ƙafa, da fuskokin mutanen da rana ta dafa. Wani dattijo daga cikinmu ya ce in ba don tsaunuka ba, da sai ya rantse a hanyar Salaga zuwa Kpandai aka ɗauka. Tsoron da ke cikin fim ɗin ma ba na ƙarar bindiga ba ne, tsoro ne na talaka da ya san an fi ƙarfinsa.

Na uku, babu rawa da waƙa irin ta fina-finan Indiya, wadda daga baya ta mamaye fina-finan Kano, musamman bayan fitowar "Sangaya" a 1999. Ba mu ce waƙa laifi ba ce, amma a labarin kisan kai da ƙwacen gona, da an sa ta da ta kashe zafin maganar.

To, amma kowane allazi da nasa amanu. Gazawa ta farko ita ce, tun da wuri mai kallo ya riga ya san inda mugunta ta fito. Fim irin wannan kuwa daɗinsa shi ne a bar mutum yana ta zargi, ya tuhumi wannan ya wanke wancan, har sai ƙarshe asiri ya tonu. A nan ba a ba mu wannan wahalar mai daɗi ba. Haka kuma tafiyar labarin tana da nawa, abin da ya sa matasan da suka leƙo suka fara hamma tun ba a yi nisa ba.

Ta biyu, an raba mutanen labarin gida biyu, na kirki da na banza, ba tsaka-tsaki. Mu da muke zaune da jama'a mun san ba haka rayuwa take ba. Wanda yake sa hannu a sayar da gonar gado sau da yawa ba mugu ba ne. Bashi ne ya yi masa katutu, ko kuɗin makarantar yara, ko jinyar tsohuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da an tsaya sosai a kan wannan tsagar, da darasin ya fi shiga jiki.

Gazawa ta uku ita ce babba, ko da yake ba laifin labarin ba ne. An ɗauki fim ɗin a kan faifan majigi, ya kuma fi zagaya bukukuwan fina-finai na ƙasashen waje. A daidai wannan lokaci kuwa kaset ɗin bidiyo ne ke cin kasuwa. A Kano, ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da "Turmin Danya" a 1990. A nan Ghana kuma William Akuffo ya riga ya buɗe hanya da "Zinabu" a 1987. Kaset yana shiga jakar fatake, ya bi motocin goro da na albasa, ya sauka a gidajen kallon bidiyo na zangon Bawku da Yendi da Kumasi. Faifan majigi ba ya yin wannan tafiya. Saboda haka manoman da aka yi fim ɗin dominsu su ne suka fi kowa rashin ganinsa. Mu kanmu sai bayan shekara talatin da 'yan kai muka sa shi a ido.

Me ya sa muke ɓata tawada a kan tsohon fim? Dalili shi ne, maganar ƙasa a yankinmu ba wasa ba ce. Yaƙin 1994, wanda ake kira yaƙin zabo saboda ya faro daga gardamar cinikin zabo a kasuwar Nakpayili kusa da Bimbilla, asalinsa rikicin ƙasa da sarauta ne. Ya shafi ƙasar Yendi da ta Salaga, ya ci rayuka masu yawa, ya ƙone ƙauyuka, kafin a sa hannu a yarjejeniyar sulhu a Kumasi a 1996. A Bawku kuma, taƙaddamar sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ta sha rufe kasuwa da makarantu, har da jawo dokar hana fita. Ga kuma batun ma'adinai: zinariya a ƙasar Talensi, da tama a Sheini gabas da Yendi. Duk inda aka ji ƙanshin arziki a ƙarƙashin gona, masu jaka za su zo.

Ya kamata jama'a su san abin da doka ta ce. Tsarin mulkin Ghana na 1992 ya bayyana cewa duk wani ma'adini da ke cikin ƙasa mallakar jamhuriya ne, yana hannun shugaban ƙasa a matsayin amanar al'umma. Wato ko da gonarka ce, zinariyar da ke ƙarƙashinta ba taka ba ce kai kaɗai. Amma dokar ma'adinai ta 2006 ta ba ka hakkin diyya in an taɓa amfanin gonarka ko gidanka. Dokar filaye ta 2020 kuma ta ƙarfafa rubuta cinikin fili da ajiye shaidarsa.

A nan ne abin ya fi shafar mu mutanen zango. Kakanninmu sun zo Salaga fataucin goro, bayan yaƙin basasar 1892 wasu suka watsu zuwa Kete-Krachi da Yendi da sauran garuruwa. Filayen da suka gina gidaje, sarakunan ƙasa ne suka ba su, aka kai goro, aka yi addu'a, shi ke nan. Amana ce ta riƙe mu har yau, kuma muna godiya. Amma dattawan da suka shaida wannan kyauta suna ƙarewa, jikoki kuwa takarda suke tambaya. Muna kira ga kowane mai gida ya je fada cikin ladabi a sabunta magana, a rubuta, a kai ofishin hukumar filaye. Rigakafi ya fi magani.

Ga 'yan'uwanmu malamai, muna ba da shawara duk wanda ya sami fim ɗin ya nuna wa manyan ɗalibai, sannan ya tambaye su: ban da ɗaukar fansa, wace hanya ce jikan nan yake da ita? Mu da muka ga abin da ramuwar gayya ta yi wa garuruwanmu, wannan tambaya ta fi fim ɗin kansa muhimmanci. Ga matasanmu masu ɗaukar hoto da waya kuma, Saddik Balewa ya nuna cewa da ɗan jari kaɗan ana iya ba da labari mai nauyi, in dai labarin na gida ne. Sai dai su tabbata ya isa ga mutanen da aka yi dominsu.

Allah ya zaunar da garuruwanmu lafiya, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana. Amin.