Dala ɗari ko sefa 100? Darasin farko na yaron kanti a Jugu

Bara wani ɗalibina ya ci jarrabawar BEPC, ya samu aiki a kantin kayan masarufi kusa da babbar kasuwar Jugu. Bai yi sati ba aka sallame shi, kuma wallahi ba sata ya yi ba. Maigida ya ce masa sabulu ɗari ne, yana nufin dala ɗari, wato sefa 500. Yaron ya wuni yana sayarwa sefa 100.

Laifin har da namu malamai. Da Faransanci muke koyar da lissafi, alhali kasuwa da dala take ƙirge, kowace dala sefa 5.

Yanzu duk wanda zai shiga kanti, ga abin da nake gaya masa. Ka maimaita farashi a gaban maigida kafin ka sayar. Ka ƙirga canji a idon mai saye. Bashi kuwa, rubuta shi nan take, ko na kawunka ne. In an biya ta MoMo, duba saƙon a wayar kanti, kada ka yarda da wanda aka nuna maka. Sannan ka iya gaisuwa da Dendi da Yom, don ba kowa ke jin Hausa a garin nan ba.