Ko Kun Sani? Takardar Dala Na Gano Ciwon Bindiga

Idan bindigar farauta mai madubin hangen nesa ta fara watsa harsasai nan da can, maharba sukan yi saurin ɗora wa madubin laifi. Sau tari kuwa katakon ƙotar ne mai laifin.

Duk lokacin da aka danna kunama, bututun bindiga yakan yi wata 'yar makyarkyata kafin harsashi ya fice. Shi ya sa maƙera da yawa ke barin ɗan rata tsakanin bututu da katako. To amma katako yana shan laima ya kumbura, sai ya tokare bututun, saiti ya goce. Mafarautan Amurka na da dabararsu: bayan sun tabbatar babu harsashi a ciki, sukan zura takardar dala ɗaya ta ƙarƙashin bututun, su ja ta baya. Inda ta cije, nan katako ke taɓa ƙarfe.

Gocewar ba ta wasa ba ce. Karkatar da ba ta wuce kashi 1 cikin 60 na digiri ba takan kauce da harsashi kusan santimita 3 a nisan mita 100, kusan 9 a mita 300.