Gwajin murfin baƙin mai da haɗarin da ke ɓoye a cikinsa

Da zarar kaka ta kama a Funtuwa da Malumfashi, aka fara kwasar masara da auduga daga Bakori da Ɗanja da Ƙafur, kasuwar tsofaffin motoci masu shan gas ita ma sai ta tashi. Manomin da ya sayar da amfaninsa yana son motar da za ta kai masa kaya kasuwar Ɗandume, kuma abin da kuɗinsa zai iya saye shi ne injin da ya riga ya sha wuya a hannu biyu ko uku. Hukuncin saye ko fasawa kuwa yakan rataya a kan gwaji guda da ba ya cin minti biyu: a ta da injin, a kwance murfin baƙin mai, a ga ko zai yi rawa.

Gwajin yana da tushe. Injin gas ba shi da fulogi. Matse iska yake yi, kusan ninki 20 a tsofaffin ƙananan motoci, har ta yi zafin da zai kunna mai. Idan ringi ya cinye, wani kaso na wannan iska mai ƙarfi yakan zurare ta gefen fistin zuwa ƙasan injin, inda baƙin mai yake kwance. Ƙurar hunturu da tsohuwar matatar iska su ne manyan masu cinye ringi a yankinmu. Murfin da ke tsalle yana nuna iskar ta yi yawa.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙarin da wasu ke yi wa gwajin. Sai ka ga an toshe bututun numfashin injin da yatsa ko tsumma, wani kuma yana taka totur, wai don gaskiya ta fito. Iskar da aka hana hanya dole ta nemi wata. Takan fasa robar da ke tare mai a bakin kiranshaf, ko ta cillo sandar awon mai, ta watsa wa mai leƙe man da zafinsa ke kusa da na tafasasshen ruwa. Injin da ya zo lafiya sai ya koma gida yana yoyo, dillali da mai saye su shiga musun wa zai biya. Ban da wannan, ga fanka da fanbel suna juyawa dab da hannun babbar riga.

Mafi muni shi ne abin da ke faruwa idan man ya sami hanyar shiga bututun iska, musamman a injin mai tobo. Injin gas yana iya ƙona baƙin mansa kamar yadda yake ƙona gas. Yana fara sha sai ya ƙara gudu, gudun ya ƙara jawo mai, hayaƙi ya turnuƙe gareji. A zare makulli, ba zai mutu ba, domin makulli gas kaɗai yake yankewa. Haka jan madannin nan na tsayarwa da ke kan tsofaffin injinan Marsandi. Injin zai yi ta ihu har mai ya ƙare ya buga, ko wani ƙarfe ya ɓalle ya huda jikinsa. Kada a ɗauka ƙaramin al'amari ne: a gobarar matatar mai ta BP da ke Texas City a Amurka, ranar 23 ga Maris, 2005, wadda ta kashe mutum 15, masu bincike sun danganta tashin wutar da wata motar gas da aka bari a kunne, ta shaƙi tururin mai ta yi irin wannan gudu.

Magani ɗaya ne, a hana shi iska. Faffaɗan katako mai ƙwari a bakin bututun iska yana yi. Tafin hannu ba ya yi, tsumma kuma injin zai haɗiye shi. A mota mai giyar hannu, direba na iya danne birki, ya sa giya mafi girma, ya saki kuloci. Tukunyar kashe gobara mai iskar kabon ita ma tana shaƙe shi, amma gareji nawa ne tsakanin Funtuwa da Malumfashi ke da ita?

A ganina, mai saye yana da haƙƙin ya ce a yi gwajin ba tare da toshe komai ba, injin yana kan silo, an duba cewa baƙin mai bai wuce alama ba, katako yana kusa, direba yana zaune a mazauninsa. Wanda ke son sanin gaskiyar ringi kuma ya nemi a auna matsin kowace silinda da agogon awo. Murfi mai rawa ba ya bambance ringin da ya mutu da bututun numfashin da ƙura ta toshe, alhali ɗaya sai an sauke injin, ɗayan wanki da kananzir ya ishe shi.