Lambar rumfar zaɓe da ƙirgen da ba ya son kuskure

Katin zaɓen mazaunin Ƙofar Ran, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar Bauchi, yana ɗauke da lamba mai gaɓa huɗu da ba kowa ke lura da ita ba. Tana farawa da 05, wato jihar Bauchi, sai 02 na ƙaramar hukumar Bauchi, sannan lambar mazaɓa, ta ƙare da ta rumfar zaɓe.

Gaɓar ƙarshe ita kaɗai ba ta nuna ko'ina, domin kowace mazaɓa a cikin 8,809 na ƙasar nan daga 001 take fara ƙirga rumfunanta. Sai an haɗa huɗun ake samun rumfa guda tak. Wannan haɗin ne masana rumbun adana bayanai ke ɗauka a matsayin mabuɗin da ke bambance kowane layi da sauran.

Wahalar tana zuwa ne idan an zo ƙari. A Yunin 2021, hukumar INEC ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu, ɗan Bauchi, ta ƙara rumfuna 56,872, jimilla ta kai 176,846. A irin wannan aiki, mai tsara manhaja zai so kwamfuta ta riƙa ba kowace sabuwar rumfa lamba ta gaba a cikin mazaɓarta.

A manhajar MySQL, tsohon injin MyISAM yana yin hakan: ya duba lamba mafi girma a rukunin, ya ƙara ɗaya. Sauƙin yana da tarko. Idan aka goge rumfa ta ƙarshe, wadda aka shigar bayanta za ta gaji lambarta, tsohon sakamakon zaɓe ya manne wa wurin da ba nasa ba. Ba tatsuniya ba ce a samu rumfar da hannu zai yi ƙaiƙayin gogewa: a 2023 INEC ta bayyana 240 da ba su da mai rajista ko ɗaya.

InnoDB, injin da ya maye gurbinsa tun 2010, ƙirge guda yake yi wa jadawali baki ɗaya, ba ruwansa da mazaɓa. Mai son ƙirgen mazaɓa-mazaɓa dole ya tanadi jadawalin ƙirge daban, ya kulle layin mazaɓar yayin shigarwa, don kada ma'aikata biyu su danna a lokaci guda su fito da lamba ɗaya.